Kafin ka farke kyamararka saboda taurari

Idan dare ya raba a watan Disamba, taurari ukun nan da ke jere reras a layi ɗaya sukan tsaya kusan a saman kan mutumin Zariya. Su ne ɗamarar gungun da masana ke kira Oriyon, kuma ta kudu da su kaɗan akwai wani ɗigon haske dishi-dishi, wato gajimaren Oriyon. Wanda ya ɗora kyamara a kan ƙafa uku ya ɗauke shi, ya kuma kwatanta da hotunan da ake yaɗawa a intanet, zai ga bambanci nan take. Nasa zai fito fari-fari da ɗan ruwan hoda a tsakiya, sauran sararin kuma baƙi ƙirin. Na waɗancan kuwa ja ne ya malale ko'ina, har da wani ƙaton baka da ya kewaye gefen gungun. Da yawa sukan yanke hukunci cewa fenti ne aka shafa a kwamfuta. Ana zuzuta launi, babu musu, amma jan nan ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Yana can sama, yana kuma shigowa ta lensi har cikin kyamara. Wani ɗan gilashi ne mai tace haske, wato filta, da kamfani ya dasa a gaban sensa, ɗan allon da ke mayar da haske hoto, yake tare shi, kuma da gangan.

Cire wannan gilashi, ko musanya shi da wani, aiki ne da masu hoton taurari suka daɗe suna yi wa kyamarorinsu. Wanda ya kalli bidiyon yadda ake yi sai ya ɗauka aikin rabin awa ne, ya fara kallon kyamararsa da wani irin ido. A ganina gyaran yana da amfani na gaske, amma matsala ɗaya tak yake magancewa, kuma a Zariya ba ita ce ta farko a layi ba.

Kowane launi yana da tsawon zangonsa, ana auna shi da nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana gani daga wajen nanomita 400, inda shuɗi mai duhu yake, zuwa wajen 700, ƙarshen ja. Bayan 700 haske bai ƙare ba, ido ne ya gaza. Tun 1800 William Herschel ya gano haka a Ingila, sa'ad da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan, inda ba a ganin komai, ma'aunin kuwa ya hau. Hasken infared ke nan. Sensar kyamara da silikon ake yin ta, shi kuma silikon yana jin haske har wajen nanomita 1,100. Kana iya gwadawa a falo: ɗauki rimot na talabijin, nuna bakinsa ga kyamarar waya, ka danna. Idonka ba zai ga komai ba, amma a allon wayar za ka ga ɗan ƙwan yana ƙiftawa da launin shunayya. In kyamarar baya ta ƙi nunawa, gwada ta gaba, tata filtar ta fi rauni a wayoyi da dama.

Da za a bar sensa tsirara, da hotunan rana sun lalace: ganye ya sauya launi, fatar mutum ta sauya, baƙin yadi ya daina zama baƙi. Kamfanin Leica na Jamus ya ji a jikinsa a 2006 da kyamarar M8. Filtar da aka sa mata ta yi siriri, baƙaƙen tufafi masu zaren roba suka riƙa fitowa shunayya, har sai da kamfanin ya raba wa masu saye filtar ɗaurawa a bakin lensi kyauta. Sai dai kamfanoni ba su tsaya ga yanke abin da ya wuce 700 kawai ba. Idonmu ya fi kaifi a kore, wajen nanomita 555, daga nan sai ƙarfinsa ya riƙa raguwa, kafin a kai 656 abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Don hoto ya yi kama da abin da ido ya gani, sai aka yi filtar ita ma tana shaƙe ja sannu a hankali tun kafin a kai ƙarshensa. Shi ya sa in an ciro ta aka ɗaga ta ga haske, launinta shuɗi-shuɗi ne mai ratsin kore.

Rashin sa'ar mai hoton taurari shi ne a daidai kan wannan gangaren mafi yawan jan sama yake zaune. Haidurojin ne sinadarin da ya fi yawa a sararin samaniya. Inda manyan taurari sababbin haihuwa masu tsananin zafi suke cikin gajimaren gas, haskensu na UV, wanda zangonsa bai kai 400 ba kuma ido ba ya gani, yakan fizge wani ɗan mitsitsin ɓangare mai suna elektiron daga jikin ƙwayar haidurojin. Can gaba elektiron ɗin ya sake kamuwa, ya riƙa saukowa mataki-mataki. Duk sa'ad da ya faɗo daga mataki na uku zuwa na biyu, sai ya saki haske mai zango guda, ba ƙari ba ragi: nanomita 656.3. Sunansa H-alfa. Wani malamin makaranta a birnin Basel na Suwizalan, Johann Balmer, shi ya fitar da lissafin jerin waɗannan zangunan hasken haidurojin a 1885, kafin Niels Bohr ya bayyana dalilinsu a 1913. Gajimaren Oriyon, wanda haskensa ke shafe shekara wajen 1,350 kafin ya iso mu, wasu 'yan taurari da ke cibiyarsa ne ke hura shi haka. Ko da madubin hangen nesa ka leƙa ba za ka ga jan ba, toka-toka za ka gani, domin ƙwayoyin ido da ke aiki cikin duhu ba sa jin ja.

Ga lissafin. Filtar da ke cikin yawancin kyamarori kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kawai na H-alfa take bari ya wuce, gwargwadon samfuri. Wanda ya wuce ɗin ma da sauran shinge a gabansa. A kan sensa akwai shimfiɗar launuka da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙira, aka yi mata rajista a 1976: cikin kowane fiksel huɗu, wato 'yan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, biyu kore ne, ɗaya shuɗi, ɗaya ja. Ke nan fiksel ɗaya cikin huɗu ne ke cin gajiyar wannan hasken, shi ma rubu'in rabonsa ake miƙa masa. Ka ɗauka ka ajiye randa a tsakar gida ana ruwa, amma faifai ya rufe kashi uku cikin huɗu na bakinta. Za ta cika, sai dai jiran ya ninka huɗu. Cire filta ɗauke faifan ne. In aka sa gilashin da aka yi domin taurari, abin da ke wucewa yakan haura kashi 90, jan da sai an kwashe awa huɗu ana tarawa ya samu cikin awa guda. Ga mai batir biyu kacal, wanda kuma darensa na garau a shekara ba su da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kamfanonin da kansu sun san da zancen. Canon ya fitar da 20Da a 2005, 60Da a 2012, da EOS Ra a 2019. Nikon ya fitar da D810A a 2015. Babu wani sihiri a cikinsu, kyamarori ne na gama-gari aka sauya musu filta aka ƙara 'yan dabaru, kuma kamfanonin biyu sun ce na baya-bayan nan suna karɓar H-alfa kamar ninki huɗu. Ba a ƙera su da yawa ba, suna da tsada, samun su a kasuwar tokumbo kuwa sai an dace. Shi ya sa hankali ke komawa kan tsofaffin Canon irin su 450D, 1100D, 600D da 700D, ko Nikon D5300, waɗanda in aiki ya ɓaci ba za a yi zaman makoki ba. A cikinsu na fi karkata ga masu allon da ke juyawa, irin 600D. Dalilin na nan ne, ba na Turai ba: abin da za ka ɗauka a Zariya yawanci a tsakar ka yake, kuma wanda ya taɓa durƙusawa ƙarƙashin kyamara yana murɗe wuya don ya ga allo ya san darajar allo mai juyawa.

Amma kafin a ɗauko sukudireba, mutum ya tambayi kansa me yake son ɗauka. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda kowa ya sani tun yana yaro, hazon da ke kewaye da su shuɗi ne, domin ƙura ce ke mayar da hasken taurarin, ba gas ne ke ci ba. Cire filta ba abin da zai ƙara musu, a nan kam a bar kaza cikin gashinta. Haka Andiromeda da sauran manyan tarin taurari na nesa: haskensu na taurari ne mai ɗauke da kowane launi, abin da gyaran zai ƙara 'yan ɗigo-ɗigon ja ne a gefe. Wata da Zara hasken rana suke mayarwa. Wanda burinsa ya kama jinjirin watan azumi, dogon lensi yake bukata da fili ta yamma, ba tiyata ba.

Inda gyaran ke biya shi ne gajimaren gas masu ba da haske da kansu, kuma a nan Allah ya yi wa Zariya rabo. Muna kan digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka muna ganin sararin arewa duka da mafi yawan na kudu. Gajimaren Oriyon yakan hau sama da digiri 70, inda iska ta fi siranta. Roset, da ke gabas da shi, kusan tsaye yake wucewa a kanmu. Bakan Barnard, ƙaton jan bakan nan, da kyamarar da ba a taɓa ba da ƙyar ake ganin inuwarsa. Kan Doki, wanda ya kamata a ce kowane Bazazzage ya ɗauka ko don suna, baƙin gajimare ne da ba ya fitowa sai in jan da ke bayansa ya fito, ba ja ba doki. A watan Oktoba da almuru gajimaren da ake kira Amurka ta Arewa yana sama sosai, daga baya na Kalifoniya ya taso kusa da Kaza. Sai babban rabon: gajimaren Karina, wanda ya fi na Oriyon girma nesa ba kusa ba. Mutumin Landan ba zai taɓa ganinsa daga gida ba, komai tsadar kayansa. A Zariya yakan ɗago har digiri 19 ta kudu a watannin Maris da Afrilu. Ƙasa-ƙasa ne, cikin hazo, amma yana nan.

Gyaran iri-iri ne. A yawancin waɗannan Canon ɗin gilashi biyu ne a gaban sensa. Na gaba shi ne mai girgiza don kakkaɓe ƙura in an kunna kyamara, kuma yana tare UV da infared mai nisa. Na bayansa shi ne shuɗin da ke shaƙe ja. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire shuɗin kawai a bar na gaba, ko a maye gurbinsa da gilashi irin na kamfanin Baader na Jamus, wanda ke buɗe ƙofa har wajen 700 sannan ya datse sauran. Hanya ta biyu ita ce a kwashe duka, a sa farin gilashi ko a bar wurin fayau, sensa ta ga komai tun daga UV har infared. Jin haka sai mutum ya ce ai gara wannan, tunda an buɗe a buɗe gaba ɗaya. Matsalar ita ce lensi ba ya tara duk zangunan haske a wuri guda. An tsara shi ne ya haɗa launukan da ido ke gani, infared kuwa yakan sauka a bayan wurin. Sakamakon shi ne kowane tauraro ya kumbura, ya yi jan rawani. Dole sai an sake sayen wata filta a tare infared ɗin da aka sha wahala aka buɗe wa hanya. Mai madubin hangen nesa irin wanda ke tara haske da madubi zalla ba ya fama da wannan, haka wanda ke son hoton infared da rana yana da hujja. Amma ga mai lensin kyamara, kuma mu nan yawancinmu shi ne da mu, hanya ta farko ta fi. Akwai masu wuce gona da iri har su kankare shimfiɗar Bayer daga kan sensa don kowane fiksel ya karɓi ja. Sensa nawa ke mutuwa a hanya, ba sa cika faɗa.

Aikin kansa ba kayan tsada yake bukata ba, natsuwa yake bukata. Sukurorin kyamarorin Japan kansu ya yi kama da na sukudireba mai giciye da aka saba, amma ma'auninsu daban ne, ana kiransa JIS, kuma in aka matsa musu da wadda ba tasu ba sai kan ya cinye. Tsawonsu ma ba ɗaya ba ne, dogo ya shiga ramin gajere ya huda abin da ke ƙasa. Sai a zana hoton kyamarar a takarda, kowane sukuru a manne shi a gurbinsa. Da an ɗaga murfin baya za a tarar da fileks, wato siraran wayoyi masu faɗi kamar zirin leda, birjik, kowane da ɗan makullinsa na roba wanda farce kaɗai ya isa ya karya. A gefe guda kuma kafasitar filasha, ma'ajiyar wutarta, tana kwance, tana riƙe da wajen bolt 300 ko bayan an cire batir. Taɓa ta ba daɗi, kuma in ƙarfe ya gitta tsakaninta da allon kyamara, an gama.

Duk wannan mai gyaran waya ya saba da shi. Inda aikin ya bambanta shi ne sukurori uku da ke riƙe da sensa. A samfura da dama suna zaune ne a kan sifirin, a wasu kuma a kan 'yan siraran zobban ƙarfe, kuma a masana'anta aka daidaita su ɗaya bayan ɗaya don sensa ta fuskanci lensi sak. In ba a yi musu alama ba, ba a ƙirga juyi nawa aka kwance ba, ko ba a auna zurfinsu ba kafin a taɓa, sensa za ta koma a karkace. A hoton biki ba wanda zai lura. A hoton taurari kuwa gefe ɗaya zai fito tsaf, ɗaya gefen taurarin su yi wutsiya.

Akwai kuma lissafin da ake yawan mantawa. Gilashi a kan hanyar haske yana tura wurin da hoto ke haɗuwa baya da kamar sulusin kaurinsa. In ka cire gilashi mai kaurin milimita 0.6, misali, ba ka sa komai a gurbinsa ba, wurin haɗuwar ya matso gaba da milimita 0.2. Ƙaramin abu ne a ido, amma ya isa ya sa wasu lensuna su kai ƙarshen murɗawa ba su kamo abu mai nisa ba, tauraro kuwa ba abin da ya fi shi nisa. Magani ɗaya cikin biyu ne: a sa gilashi mai kauri daidai da wanda aka cire, ko a matso da sensa gaba da wannan sulusin. In ba a yi ba, ko fokas ɗin da kyamara ke yi da kanta ta ramin leƙawa zai riƙa kuskure, domin na'urar da ke auna shi tana ƙarƙashin madubi, ba ta san an sauya komai ba.

To, yaushe za a yi aikin? A nan ne shawarar Turawa ba ta wadatar da mu. Sha'awar farke kyamara takan taso ne da sanyi, lokacin da Oriyon ke sama, kuma babu lokacin da ya fi wannan muni. Hunturu yana zuwa mana da ƙura mai laushi, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wadda ke shiga ɗaki ko an rufe taga an toshe ƙasan ƙofa. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale tsakanin sabon gilashi da sensa, ba robar hura iska da za ta kai gare ta, ta zauna ke nan a kowane hoto sai an sake farkewa. Ga kuma bushewar iska, danshi ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Tartsatsin nan da bargo ke yi cikin duhu a watan Janairu, ko ɗan cizon da ƙofar mota ke yi wa yatsa, ya fi ƙarfin abin da sensa za ta jure. Damina ce lokacin tiyata. A watan Agusta iska a wanke take, danshi ya kashe tartsatsi, sama kuma a rufe take da hadari, ba wani dare da za a yi asara. Ko a hakan a ɗaura igiyar sauke lantarki a hannu, a kashe fanka, a goge tebur da ɗanyen tsumma. Lokacin girbin hoto kuwa shi ne daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya kankama, da kuma 'yan dararen da hunturu ke lafawa.

Wa za a ba aikin? Masu gyaran waya a PZ da Sabon Gari hannunsu ya faɗa a kan fileks fiye da na yawancin masu kyamara, kuma suna da madubin ƙara girma da kayan da ake bukata. Abin dubawa shi ne yadda mutum ya karɓi bayanin. Wanda ya ce maka, "Oga kawo kawai, yanzu-yanzu za ka tafi da ita," ɗauki kayanka ka yi gaba. Wanda ya tsaya ya ce, "Malam, sukuru ukun nan da me za mu auna su?" shi ne mutuminka. Kuma kada a yi aikin a rumfar bakin titi inda kowace tirela ke tayar da ƙura, a kai shi ɗaki.

Wanda kyamararsa ita ce abincinsa, da ita yake ɗaukar biki da suna da hawan Sallah a ƙofar fada, kada ya kuskura ya taɓa ta. Bayan gyara, hoton rana yakan fito jaja-jaja. Ana iya rage abin ta hanyar nuna wa kyamara farar takarda a ce mata wannan ne fari, ko a gyara a kwamfuta in an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, amma launin fata da na jan atamfa ba sa komawa yadda suke sak, amarya kuwa ba ruwanta da nanomita. Kamfanin Astronomik yana yin wata filta da ake maƙalawa a cikin bakin kyamara don mayar da launi na asali, sai dai a ƙananan Canon ba ta zama da lensunan EF-S saboda gindinsu na kutsawa ciki, kuma 18-55 ɗin da ke zuwa da kyamara yana cikinsu. Garanti ma, in akwai saura, ya tafi.

Na ce filta ba ita ce matsalar farko ba. Ta farko ita ce sama ba ta tsayawa. Tana juya digiri 15 kowace awa, kuma Oriyon yana kan layin da ya fi saurin tafiya. Da lensi mai milimita 50 a kan 600D, bayan daƙiƙa shida ko ƙasa da haka taurari sun fara jan layi. A daƙiƙa shida, ko da filta ko babu, abin da za ka tara kaɗan ne. Na'urar bin taurari, wadda ke juya kyamara daidai da juyin sama, tana ba ka minti ɗaya ko biyu a kowace ɗauka, ninki goma zuwa ashirin ke nan, kuma a kowane launi, ba ja kaɗai ba. Kwatanta da ninki huɗun filta. In kuɗin sayenta ya gagara, akwai ta katako da George Haig ya bayyana a 1975: allo biyu, patta guda, da dogon sukuru da ake murɗawa a hankali da hannu. Kowane kafinta a Tudun Wada zai iya haɗa ta in an ba shi ma'auni. Wahalarmu a nan ita ce saita ta. Ana auna gindinta ne da tauraron arewa, shi kuma a Zariya digiri 11 kawai yake sama da ƙasa, bayan bishiyoyi da rufin gidaje, cikin hazo. Sau da yawa sai dai a karkata ta digiri 11 da ma'aunin waya, a fuskantar da ita arewa, a riƙa gyarawa ana duba ina taurari ke zamewa.

Ta biyu hasken gari. Da can in an ɗauke wuta sama takan buɗe ko a Samaru. Yanzu fitilun sola ba ruwansu da ɗaukewar wuta, kwana suke suna ci, kuma farin haskensu ya game duk launuka, ba kamar tsofaffin fitilun titi masu ruwan lemo ba waɗanda ke wajen nanomita 589 kaɗai. Ƙurar hunturu kuma ta mayar da shi ƙasa. Ko a gindin Kufena hasken gari na biye da mutum. Fita bayan gari ita ce magani, amma kowa ya san halin da ake ciki: ba a fita mutum ɗaya, ba a zuwa inda ba a san kowa ba, kuma tun da rana a gaida mai unguwa a sanar da 'yan sintiri. Baƙo da ƙafa uku da 'yar jar fitila a gonar mutane ƙarfe biyun dare yana da dogon bayani a gabansa.

Abin mamaki, a cikin gari ne gyaran ya fi zama dole. Akwai filtoci masu ƙunƙuntar ƙofa, irin L-eXtreme ta kamfanin Optolong, da ke barin H-alfa da koren oksijin na wajen nanomita 500 kaɗai su wuce, su tare sauran hasken fitilu har da na farin wata. Da irinsu ana iya ɗaukar Roset daga saman bene a Kwangila. Amma ɗora su a kan kyamarar da ba a gyara ba shan wahala ne kawai, domin jan da suka tace za su miƙa wa filtar ciki ne ta zubar da kashi uku cikin huɗu.

Zafi ma yana da nasa kason. Sensa takan haifar da tsaki-tsaki na kanta, wanda ke ninkawa duk sa'ad da zafinta ya ƙaru da kamar digiri shida. Daren Disamba a Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15, na Afrilu kuwa yakan tsaya sama da 20, shi ya sa Karina ya fi Oriyon wahalar kamawa ko ban da ƙasa-ƙasan da yake. Maganin shi ne ɗauka da yawa, hamsin ko ɗari, a haɗa su da manhajojin kyauta irin Siril ko DeepSkyStacker, tare da wasu hotunan da aka ɗauka lensi a rufe don cire tsakin, da wasu na farin fili don goge inuwar ƙura. Wanda bai iya wannan ba tukuna, kyamarar da ba a taɓa ba ta ishe shi koyo na shekara guda. Wanda kuma ya tara kuɗin da ya kusa isa, ya duba kyamarorin ZWO ko QHY na ƙasar Sin, waɗanda aka ƙera domin taurari kuma wasunsu ke sanyaya kansu, sai dai suna bukatar kwamfuta da batirin bolt 12 a fili.

In an riga an yi gyaran, kada a jira Oriyon kafin a san ko ya yi. Daren farko da hadari ya yage, ko a Satumba ne, a buɗe lensi iyakarsa, a kamo tauraro mai haske a allo a ƙara girmansa ninki goma, a murɗa a ga ko ya tsuke ya zama ɗigo sannan ya sake buɗewa kafin zoben ya kai ƙarshe. In bai sake buɗewa ba, sensa na bukatar matsowa gaba. Sai a ɗauki hoto na daƙiƙa uku a duba kusurwoyi huɗun. In hagu ta yi kyau dama ta yi wutsiya, a kwance lensin a gwada wani, in abin bai sauya gefe ba to sensa ce ta karkace, sai an sake buɗewa an juya ɗaya daga cikin sukurorin nan ɗan kaɗan, a rufe, a sake gwadawa. Akan yi haka fiye da sau ɗaya, kuma kowace buɗewa tana son iska mai danshi.